Littafin da ya ƙi ɗinki: nazarin aikin wata mai zane a Jos, 2022 zuwa 2024

Asalin lamarin

Matar da wannan nazari ya shafa 'yar Jos ce, a gidan teloli ta tashi, a wata unguwa da ke bayan titin Bauchi. Ta karanta zane-zane a Zariya, ta dawo gida tana koyarwa a makarantar kuɗi da safe, da yamma ta hau keken ɗinki. Abin da ya haɗa ni da aikinta, wato littafin zane a kan yadi da ta yi, gyaran rubutu ne. Ni na duba Hausar da ke cikin littafin, saboda haka yawancin abin da zan faɗa a gabana aka yi shi, alƙaluman kuɗi kuwa daga littafin lissafinta na kwafo, da izininta.

Haɗa yadi da zane ba baƙon abu ba ne. A 1958 ɗaliban Zariya irin su Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar da ta ce a ɗauki dabarar Bature a gauraya da ta gida. Onobrakpeya ya yi suna wajen buga zane daga allon da aka sassaƙa, Nike Davies-Okundaye ta kai adiren Yarabawa gidajen nuni na duniya, Abdoulaye Konaté na Mali kuma yana jera ƙyallaye masu launi su zama hoto mai cin bango guda. Amma mafi yawan irin wannan aiki na ratayewa ne. Ita littafi take so, wanda za a riƙe a hannu, a buɗe, a shafa yadin da yatsa.

Tsarin da ta yi shi ne zane 12 da ta kwafo daga riguna da zannuwan da ke cikin adakar kakarta: aska takwas, aska biyu, tambari, dagi, da ratsin saƙi da na barage. Kowane zane za a sassaƙa shi a jikin roba, a buga a kan ƙyallen da aka rina da shuni, ta bi da buroshi ta ƙara launi, sannan a liƙa shi yana fuskantar shafin da ke bayanin sunansa da yadda ake ɗinka shi. Kwafi 40, ƙyalle 480 ke nan. Ba ta nemi kamfanin da zai ɗauki nauyin wallafawa ba. Ta ce marubutan Kano tun shekarun 1980 da kuɗinsu suke buga littattafansu su kai kasuwa da kansu, ita ma hakan za ta yi. Jarinta kwasar adashe ne, naira 250,000.

Nuwamba 2022 zuwa Afrilu 2023: yadi da tawada

Ta sayi akoko yadi 40. Ta yanka ƙyalle 120 na farko, kowanne santimita 20 a faɗi, 26 a tsawo, ta kai wa wani marini da ke aiki da shunin kanti da soda. Da suka dawo, tsawon ya koma 24 da rabi, faɗin ya ragu da rabin santimita, bakunan sun zazzare, launin kuma ya yi dabbare-dabbare. Sabon akoko yana zuwa da sitacin masaƙa a jikinsa, shi ne ya hana rinin shiga daidai, kuma auduga takan tsuke a wankin farko. 'Yar gidan teloli ta yanka yadi ba ta jiƙa ba. Har yau yayyenta ba su daina tsokanarta a kan wannan ba. Sauran yadin ta dafa shi da sodar wanki, ta shanya, aka rina, sannan ta yanka.

Allon da ake sassaƙa irin wannan zane a makaranta daga waje ake kawo shi, yana da tsada. Sai ta koma ga robar tafin takalmi da masu gyaran takalma ke saya falle-falle, wani mai yanka hatimi a bakin titi ya wasa mata wuƙaƙe. Wannan ya yi. Matsalarsa ɗaya, Jos na kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, da asubar Disamba robar takan ƙandare har wuƙa ta riƙa zamewa, sai an ajiye ta a rana ta yi laushi.

Tawada ce ta ba da wahala. Ta fara da fentin ruwa irin na masu zane. A busasshiyar iskar hunturu, kafin ta gama murza bayan ƙyallen da cokalin katako fentin ya bushe a jikin robar, ƙyallen ya manne, in ta ɗaga sai rabin zanen ya zauna. Inda ya kama kuma yadin ya yi tauri kamar busasshiyar fata. Ta koma ga tawadar mai irin ta injin ɗab'i, wadda ta saya gwangwani ɗaya a wata maɗaba'a. Layuka suka fito tsaf, baƙi wuluk. Sai dai tawadar mai ba ƙafewa take yi ba, a hankali take daskarewa da iska, ta ɗauki kusan mako uku a kan igiya tana kwasar ƙurar hazo. Bayan wata guda aka ga maiƙo ya kewaye kowane layi, siriri kamar inuwa. Ta gani, ta ce ba zai dami kowa ba, ta ci gaba.

Daga ƙarshen Janairu 2023 aiki ya tsaya. Lokacin canjin takardun naira ne, tsabar kuɗi ta ɓace, marini da mai roba kuma ba sa karɓar tiransifa. Mako shida suka tafi a haka. Kuɗi na fara dawowa azumi ya kama a 23 ga Maris, kowa kuwa ya san tela ba ya da lokacin kansa daga nan har sallah. Littafin da aka tsara haɗawa a Fabrairu, cikin rani, sai a Mayu aka fara, ruwa ya riga ya sauka.

Mayu zuwa Agusta 2023: haɗa littafin a damina

A 29 ga Mayu aka cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500. A tsakiyar Yuni Babban Banki ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Takardar ɗab'i kusan duka shigo da ita ake yi, domin masana'antun da gwamnati ta gina a Jebba, Oku Iboku da Iwopin sun daɗe ba sa wadatar da kasuwa. Mai maɗaba'ar da ya yi mata farashi a Afrilu ya ce wancan ciniki ya tashi. Don a rage kuɗi, aka yarda zai yanka manyan takardun ta duk yadda za a fi samun shafi da yawa, wasu a tsaye, wasu a kwance. A lokacin babu wanda ya ɗauki wannan a bakin komai, har da ni.

Ta dama sitacin rogo kamar talge, ta shafe bayan kowane ƙyalle baki ɗaya, ta liƙa a kan takarda mai nauyin giram 120, ta danne da bulo. Ta ɗinke shafukan da zare, ta yi bango da kwali. Tsakiyar Yuli kwafi 40 suka kammala, aka jera su a kwali biyu a ƙarƙashin gado.

Jos na samun ruwan sama kusan milimita 1,400 a shekara, mafi yawansa a Yuli da Agusta. Ranar da muka buɗe kwalayen a ƙarshen marka, wari ne ya fara tarbar mu, irin na tabarmar da ta kwana a jiƙe. Na ɗauki na sama. Bangon ya bankare, littafin ya buɗe baki ya ƙi rufuwa: wurin ɗinki kaurinsa santimita 1.2, tsakiya inda ƙyallaye suka taru 2.5. Shafukan sun yi tudu da kwari. A shafin da ke fuskantar aska takwas, zanen ya kwafu a kan rubutun, shuɗi-shuɗi da maiƙo, kamar an dangwala. A gefen wani ƙyallen ga fumfuna fari-fari, kyankyaso kuma ya bi layin sitaci ya gaigaye.

Ƙididdiga: 31 sun lanƙwashe, 17 daga cikinsu da fumfuna. Tara ne suka fita da kyan gani, su ne waɗanda ke can tsakiyar kwali.

Ta koma wurin marinin da ƙorafin zubar shuni. Shi bai ga laifi ba. Ya tuna mata cewa turkuɗin Kura har ƙarin garin shuni ake buga masa ya yi ƙyalli, Buzaye kuma suna son ya bar musu launi a fata. A sana'arsa zuba ado ce.

Satumba da Oktoba 2023: gyare-gyaren da aka gwada

Taran nan ta kai wani baje kolin zane a Abuja, suka shige a naira 15,000 kowanne. A Disamba biyu suka dawo: da iska ta bushe, shafukan sun nannaɗe ta ɗaya gefen. Ta mayar da kuɗinsu. Abin da ya shigo ya tsaya a 105,000, asara 145,000.

Kafin nan ta gwada hanya huɗu da ragowar ƙyallaye. Farin gam na kafintoci ya rage lanƙwasa, amma ya ɓullo ta ramukan saƙar ya bar tabo mai sheƙi, yadin ya zama kwali. Rufe shafin da leda a inji ya hana zuba, ya kuma kashe dalilin yin littafin, tunda yatsa ba ya taɓa zare. Ta ɗauki hotunan ƙyallayen aka buga a takarda zalla, kwafi goma na gwaji. Duk wanda aka miƙa wa sai ya shafa shafin ya tambaya ina yadin. Ta huɗu ta fi kusa: liƙa bakin sama kawai, a bar ƙyallen yana lilo, a cusa siraran takardu a wurin ɗinki don kaurin ya daidaita. Shafi ya kwanta, amma aikin ya ninka, zubar shuni kuma tana nan.

A farkon Oktoba ta yi wani ɗan gwaji. Ta yanka takarda biyu, kowacce santimita 50, ɗaya ta tsawon babbar takardar, ɗaya ta faɗinta, ta kafa su a bango ta yi alama da fensir. Zuwa Janairu ɗaya kusan ba ta motsa ba, ɗayar ta ragu da milimita 3. Takarda ma tana da tsaye da kwance kamar yadi: a inji zarurukanta sukan kwanta ta fuska ɗaya, in ta sha danshi ta faɗi take kumbura, ba ta tsawo ba. Masu haɗa littafi shi ya sa suke sa tsayen takarda ya bi layin ɗinki. A nata littafin rabin shafukan a gicciye suke, an kuma ɗaure kowanne da yadin da ke da nasa motsin dabam.

Nuwamba 2023: wurin baduku

Ba neman mafita ya kai ta ba. Maratayin gafakar kakanta ne ya tsinke, mahaifinta ya aike ta wurin wani tsohon baduku da ke kusa da Masallacin Juma'a. Ɗaya daga cikin littattafan da suka lalace yana cikin jakarta, tana jiran gyara ta fito da shi tana juyawa. Tsohon ya karɓa, ya danna bangon, ya saki, littafin ya sake buɗe baki.

"'Yata, wa ya ce miki dole sai an ɗinke shi?"

"Baba, ai haka aka koya mana. In ba a ɗinke ba ba littafi ba ne."

Bai amsa ba, ya nuna gafakar da ke kan cinyarsa. Alƙur'ani rubutun hannu a ƙasar Hausa da Barno ba a ɗinke shi. Warƙoƙi ne sake, a jere, a tsakanin tadarishi biyu, wato bangon sama da na ƙasa, a naɗe da fata a ɗaure da igiya, a sa a gafaka. A ƙasan warƙa marubuci yakan rubuta kalmar farko ta warƙar da ke biye, don ko sun watse a iya mayar da su. Na kakanta ya ga damina fiye da yadda kowa a gidan zai iya ƙirgawa, gefunan sun yi duhu da hannu, amma a kwance yake lafiyayye. Kowace warƙa tana kumbura ta saki ita kaɗai, babu abin da ke riƙe ta balle ta yi gardama da shi.

Disamba 2023 zuwa Maris 2024: bugu na biyu

Ta sake tsarin daga tushe. Zane 10 maimakon 12. Kwafi 33: 30 na sayarwa, uku na Laburaren Ƙasa, domin dokar 1970 ta wajabta wa mai buga littafi na kansa ya ajiye kwafi uku a can, kuma su ne ke ba da lambar shaidar littafi ta ISBN. Farashi 35,000. Ta ɗinka samfuri ɗaya, ta ɗauki bidiyon hannu yana buɗe shi, ta sa a WhatsApp da Instagram, ta ce mai so ya ba da rabi. Mutum 22 suka biya, naira 385,000. Da wannan ta sayi takarda, kwali, yadi da tawada duka a Disamba. Da dala ta kai wajen naira 1,500 a Fabrairu 2024, kayanta na ɗaki.

Rini ta sauya salo. Maimakon tsomawa ɗaya a ruwa mai ƙarfi, ta roƙi marinin ya sassauta ruwan, a tsoma sau huɗu, kowane karo a ɗaga a bar iska ta buge shi. Yadi daga ruwan shuni kore-kore yake fitowa, a idonka yake juyewa shuɗi, kuma wanda aka gina a hankali ya fi shiga zare maimakon ya taru a sama. A gida ta wanke da sabulu har ruwa ya fita fari, ɗaurayar ƙarshe da ɗan ruwan khal don kashe ragowar soda. Gwajinta shi ne ta goga farin ƙyalle sau goma. In ya ɗauki launi, a koma wanki. Daga nan ta kai wa masu bugun shadda, da sharaɗin kada a sa sitaci, a yayyafa ruwa kawai a buga. Bugun ya kwantar da gashin audugar, fuskar yadin ta yi sumul, siraran layukan dagi da da suke cushewa suka fito ɗaya-ɗaya.

Tawada ta karɓo wurin masu buga rubutu a rigunan makaranta, irin wadda ake kamawa da zafi. Ita ma ta ruwa ce, hunturu zai busar da ita, sai ta riƙa ɗiga mata gilisarin, wanda ake saya a kemis don kaushi, ta shimfiɗa jiƙaƙƙen buhu a ƙasan tebur, ta taƙaita bugu ga safiya da bayan la'asar. Kowane ƙyalle kwana biyu a igiya, sannan guga minti huɗu ta baya. Ranar da babu wuta ta gwada dutsen guga na gawayi, tartsatsi ya huda shida. Daga nan jiran wuta take yi, ko da tsakar dare aka kawo.

Gam ya fita daga shafuka gaba ɗaya. Kowane ƙyalle ta kalmashe bakinsa a keke. Takarda an naɗe ta biyu, tsayenta na bin naɗin, ta tsaya a maɗaba'ar da kanta har aka yanka. Rubutu yana waje, ƙyallen yana ciki an kama shi da ɗinki uku a bakin sama, fuskar da ke kallonsa kuma an bar ta fara, ko ya zuba ba abin da zai ɓata. A ƙasan kowace warƙa akwai lamba da kalmar farko ta mai biye. Tadarishin kwali ne mai kauri, an rufe shi da saƙi, an liƙa takarda ciki da waje don jan ya zo daidai kada ya bankare. Badukun ya yi igiya da maratayi, ita ta ɗinka jikin gafakar da gwado.

An gama a 8 ga Maris, kwana uku kafin azumi.

Sakamako, zuwa Oktoba 2024

Takwas da suka rage sun ƙare zuwa Yuli, biyar daga ciki ta hannun wani gidan nuni a Abuja da ya cire kasonsa. Kuɗin shiga 1,050,000. Kashewa, har da marini, mabuga, baduku, mota da kason gidan nunin, 640,000. Saura 410,000. In an cire asarar farko, 265,000 ne ladan wata 17.

Bayan damina ta tuntuɓi masu saye, ta samu 19. Babu wanda ya ce shafi ya lanƙwashe ko shuni ya ɓata rubutu. Ɗaya ya ga fumfuna, ya kuma yarda jikin bango mai danshi ya jingina shi. Ɗaya yaro ya zare warƙa ta bakwai, ba a gan ta ba. Uku sun warware ɗinkin sun sa ƙyallayen a gilashi sun rataye a falo.

Hukunci

A ganina abu ɗaya ne ya kashe bugun farko: an ɗaure abubuwa biyu masu motsi dabam-dabam, yadi da takarda, da gam mai ruwa, a watan da iska ta fi danshi. Fumfuna da kyankyaso sitaci suka biyo, bankarewa daga yankan gicciye ta zo, buɗe baki kuma daga cusa ƙyalle 12 a ɗinkin da aka yi wa takarda zalla. Ƙarancin kuɗi da tashin farashi ba su suka jawo lalacewar ba, tura aikin suka yi cikin damina, suka kuma sa aka karɓi yanka mai arha. Da an haɗa a Fabrairu da aibin ya jinkirta, ba zai fasa ba. Kwafi biyun da suka dawo daga Abuja a bushe suka lalace.

Gyare-gyaren Satumba ko dai sun riƙe gam ko sun raba yatsa da yadin, shi ya sa suka tsaya a rabin hanya. Tadarishi ya yi aiki ne saboda ya cire buƙatar gam ɗin. Sauran nasarorin, wato rini sau huɗu, bugu ba sitaci da tawadar guga, kowannensu daga wani mai sana'a ya fito wanda ke cikin garin tun farko, ba ta dai je masa da tambayar da ta dace ba sai da ta yi asara. Laifin marinin kaɗan ne, an ce ya rina ne, ba a ce masa yadin zai kwana kusa da takarda ba.

Ta fuskar kuɗi ban kira shi riba ba. Karɓar rabi tun farko ya tsare ta daga faɗuwar naira, wannan dabara ce mai kyau, amma abin da ya rage mata bai kai abin da keke ke kawo mata a azumi biyu ba. Sakin warƙoƙi ma yana da nasa farashin. Abin da ba a ɗinke ba yana ɓata, yana kuma rabuwa. Mutum ukun da suka rataye nasu sun mayar da aikin abin bango, wanda shi ne ainihin abin da ta guje wa. Ita abin ya ɓata mata rai. Ni ina ganin wanda ya biya 35,000 yana da ikon bangonsa, mun yi musu a kan haka ba mu daidaita ba.

Kwafi 31 na farko ta jiƙa su a baho, ta ɓamɓare ƙyallayen, ta wanke sitacin, tana haɗa su bargo. Tana shirin bugu na uku a kan zanen hula, kwafi 50. Badukun ya ce idonsa ba ya wuce maratayi biyu a rana yanzu, yaron da yake koya wa kuma ya koma acaɓa.